Shehu Musa Ƴar'aduwa, Tafidan Katsina: daga kujerar mulki zuwa gidan kason Abakaliki

Ranar 8 ga watan Disamba na 1997 Allah ya yi wa Janar Shehu Musa Ƴar'aduwa rasuwa yana ɗan kaso a kudu maso gabashin Tarayyar Najeriya. Shekarunsa 54. Mutumin da ya taɓa zama na biyu a mulkin ƙasar da ta fi kowace yawan jama'a a Afirka ya cika ne a hannun masu gadi, nesa da iyalinsa, bayan wata kotun soja ta sirri ta same shi da laifin da bai taɓa amsawa ba.

Daga Maraɗi zuwa Katsina, in ka bi ta Ɗan Isa da Jibiya, tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba. Mutanen Sarkin Yamma, Safo, Gabi da sauran garuruwan gundumar Madarunfa sun san hanyar kamar tafin hannunsu, domin akwai auratayya, akwai cin kasuwa, kuma sarautar Maraɗi kanta Katsina take amsawa. Saboda haka labarin Tafida ba baƙo ba ne a nan. Abin da ya sa muka ɗauko shi yau shi ne ya san kotun soja ta fuska biyu. A 1976 yana cikin majalisar da ke tabbatar da hukuncinta. A 1995 shi aka tsayar gabanta.

Ɗan Matawalle

An haifi Shehu a birnin Katsina ranar 5 ga Maris na 1943. Mahaifinsa, Malam Musa Ƴar'aduwa, malamin makaranta ne da ya shiga siyasa, ya riƙe sarautar Matawallen Katsina, ya kuma zama ministan harkokin birnin Legas a gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa har zuwa juyin mulkin 1966. Gida ne na boko da sarauta a lokaci guda.

A makarantar sakandaren lardin Katsina ya yi aji ɗaya da Muhammadu Buhari, kuma a 1962 dukansu biyu suka shiga makarantar horon hafsoshi ta Kaduna. Daga nan aka tura Shehu makarantar soja ta Sandhurst a Ingila, ya dawo da muƙamin ƙaramin hafsa a 1964. Bai daɗe da dawowa ba ƙasar ta rikice. Yaƙin Biyafara, daga 1967 zuwa 1970, ya same shi a runduna ta biyu ƙarƙashin Murtala Muhammad, wadda ta yi asarar ɗimbin sojoji wajen ƙoƙarin ƙetare kogin Kwara kafin garin Onica ya faɗa hannunta a watan Maris na 1968. A wannan yaƙi ya yi suna, a nan kuma ya kusanci Murtala.

Juyin mulki biyu cikin wata bakwai

Ranar 29 ga Yuli na 1975, Janar Yakubu Gawon yana taron ƙungiyar haɗin kan Afirka a Kampala, wasu matasan hafsoshi suka kifar da shi ba tare da zubar da jini ba. Laftanar Kanar Ƴar'aduwa yana cikin waɗanda suka kitsa abin, tare da Joseph Garba, shugaban rundunar da ke tsaron fadar Gawon. Suka ɗora Murtala bisa mulki. Shehu ya samu ma'aikatar sufuri, a daidai lokacin da ɗaruruwan jiragen ruwa maƙare da siminti suka toshe tashar Legas, wasu suna jiran layi wata da watanni. Aikin warware wannan cunkoso shi ya fara fito da shi idon farar hula.

A dokar Najeriya kifar da gwamnati da bindiga cin amanar ƙasa ne, hukuncinsa kisa. Amma babu alƙalin da ya kira mutanen 29 ga Yuli, saboda abin nasu ya yi nasara.

Ranar Juma'a 13 ga Fabrairu na 1976 wasu hafsoshin suka gwada tasu sa'ar. Mutanen Laftanar Kanar Buka Suka Dimka suka tare motar Murtala a cunkoson Legas suka harbe shi. Yunƙurin ya rushe a ranar. Janar Olusegun Obasanjo ya gaji kujerar, kuma don a kwantar da hankalin Arewa aka nemi Musulmi ɗan yankin ya zama na biyu. Zaɓin ya faɗa kan Ƴar'aduwa. Aka ɗaga shi daga laftanar kanar zuwa birgediya, ya tsallake hafsoshi da dama da suka girme shi a aiki, alhali bai cika shekara 33 ba.

Hukuncin 1976

Jama'a sun so Murtala, kuma fushin kisansa ya kai ko'ina, har wannan gefen iyaka. Gwamnati ta kafa kotun soja ta musamman. Zamanta a ɓoye ne, babu ɗan jarida, babu ɗaukaka ƙara. Abin da ta yanke majalisar ƙoli ta soja ce kaɗai ke duba shi, wato mutanen da aka yi yunƙurin kifarwa.

Ranar 11 ga Maris na 1976, ƙasa da wata guda bayan kisan, aka harbe mutum 32 a Legas, wasu a bakin teku gaban taron jama'a. Cikinsu har da ministan tsaro, Manjo Janar Iliya Bisalla. Birgediya Ƴar'aduwa ne ya yi wa ƙasa jawabin da ya bayyana hukuncin. Shi kuwa Dimka, da ya tsere, an cafke shi kusa da Abakaliki, garin da Shehu zai ƙare rayuwarsa shekara 21 bayan haka. Ranar 15 ga Mayu aka harbe shi tare da tsohon gwamnan Binuwai da Filato, Joseph Gomwalk, da wasu mutum biyar. Wasu kuma aka yi musu ɗaurin rai da rai.

Babu mai musun cewa an yi kisa ranar 13 ga Fabrairu, kuma Dimka da bakinsa ya yi shela a gidan rediyo. Inda gardama ta tsaya har yau shi ne kan waɗanda aka haɗa da shi. Hujja mafi nauyi a kan Bisalla ita ce maganar Dimka kansa, mutumin da ke jiran harsashi. Da yawa daga cikin waɗanda aka kashe ƴan yankin Filato ne, kuma danginsu ba su daina cewa an wuce gona da iri ba. Da a bainar jama'a aka yi shari'ar, da kowa ya ji shaida da kunnensa ya auna. Tun da a ɓoye aka yi ta, mai laifi da wanda aka ɗora wa sun shiga rami ɗaya, kuma ba sauran hanyar rarrabe su.

Miƙa mulki

Adalci ne a faɗi abin da ya yi na alheri. Gwamnatinsu ta riƙe alƙawarin da Murtala ya ɗauka. Ofishin Ƴar'aduwa ne ya jagoranci gyaran ƙananan hukumomi na 1976, aka rubuta sabon tsarin mulki, aka yi zaɓe, kuma ranar 1 ga Oktoba na 1979 suka miƙa ragama ga Alhaji Shehu Shagari. A wancan zamani sojan da ya sauka da kansa abin nunawa ne a Afirka. Shehu ya tuɓe kaki yana manjo janar, da shekara 36.

Ya shiga noma da harkar banki da jiragen ruwa, inda ya yi haɗin gwiwa da attajirin nan Mashud Abiola, ya kuma kafa jarida a Kaduna. Masarautar Katsina ta naɗa shi Tafida. Amma siyasa ce ta fi jan hankalinsa. Da Janar Ibrahim Babangida ya buɗe fagen a ƙarshen shekarun 1980, Tafida ya tara matasan ƴan siyasa daga kowace kusurwa, irin su Babagana Kingibe da Atiku Abubakar, suka shiga jam'iyyar SDP. A zaɓen fid da gwani na 1992 shi ke kan gaba, har a Legas ya kayar da tsohon gwamnan jahar, Latif Jakande. Babangida ya soke zaɓen, ya haramta wa dukan ƴan takarar sake tsayawa.

Mutanensa suka mara wa Abiola baya, aka yi zaɓen 12 ga Yuni na 1993, shi ma aka soke shi. A nan ne masu sukar Tafida suke riƙe da shi har gobe, domin ɓangarensa ya amince da gwamnatin riƙon ƙwarya ta Ernest Shonekan maimakon tsayawa kan nasarar Abiola. Wannan gwamnati ba ta cika wata uku ba Janar Sani Abaca ya ture ta, ranar 17 ga Nuwamba na 1993.

Shari'ar 1995

Abaca ya kira babban taron tsara kundin mulki a 1994. Tafida ya shiga a matsayin wakili daga Katsina, kuma magoya bayansa suna da rinjaye a zauren. A watan Disamba taron ya zartar cewa sojoji su koma bariki a watan Janairu na 1996. Wannan ƙuduri bai yi wa fadar Abuja daɗi ba, kuma kowa ya san wanda ke bayansa.

A watan Maris na 1995 gwamnati ta ce ta bankaɗo shirin juyin mulki. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba, babu wata runduna da ta motsa. Aka kama hafsoshi irin su Kanar Lawan Gwadabe, aka kama Tafida, kwanaki kaɗan bayan haka aka kama Obasanjo da ya dawo daga wani taron Majalisar Ɗinkin Duniya a Kopenhagen.

Dokar da aka yi amfani da ita ba sabuwa ba ce. Babangida ya kafa ta a 1986 don shari'ar amininsa Manjo Janar Mamman Vatsa, wanda aka harbe a watan Maris na shekarar. Da irin wannan kotu aka kashe gomman sojoji a 1990 bayan yunƙurin Manjo Gideon Orkar. Tsarin dai shi ne na 1976, kowace gwamnati tana gadonsa daga wadda ta gabace ta, tana ƙara masa kaifi.

Kotun ta zauna a Legas ƙarƙashin Birgediya Patrick Aziza. Alƙalanta sojoji ne da gwamnati ta naɗa. Wanda ake tuhuma ba shi da damar ɗaukar lauyan da yake so, sai hafsan da aka ba shi, wanda shi ma ƙarƙashin umurnin manyansa yake. Babu ɗaukaka ƙara. Majalisar mulki da Abaca ke shugabanta ita ke da ta cewa ta ƙarshe. Babban shaidan da aka kafa hujja da shi a kan tsofaffin shugabannin biyu shi ne Kanar Bello Fadile, wanda shi ma ake tuhumarsa. Daga baya ya bayyana cewa azaba ce ta sa ya faɗi abin da ya faɗa, ya kuma rubuta wa Obasanjo takardar neman gafara.

A watan Yuli aka kammala da kimanin mutum 40. Tafida ya samu hukuncin kisa, Obasanjo ɗaurin rai da rai. Abin bai tsaya kan sojoji ba. Ƴan jarida irin su Kunle Ajibade da Madam Chris Anyanwu, da matashin ɗan gwagwarmaya na Kaduna Shehu Sani, su ma an yi musu ɗaurin rai da rai. Laifin ƴan jaridar shi ne sun buga labarin da ke sa shakka kan ko an taɓa shirya juyin mulkin ma. Hukuncin da doka ta tanada don mai kisan kai shi aka ɗora wa mai alƙalami.

Sassaucin da bai tsirar da shi ba

Duniya ta yi ca. Nelson Mandela ya aiko mataimakinsa Thabo Mbeki Abuja, Fafaroma John Paul na biyu ya roƙi a yi rangwame, ƙasashen Yamma suka yi barazanar takunkumi. Ranar 1 ga Oktoba na 1995 Abaca ya ba da sanarwar cewa ba za a kashe kowa ba. Wasu hafsoshin aka mai da nasu ɗaurin rai da rai, Obasanjo da ƴan jaridar aka rage musu zuwa shekara 15, Tafida kuma shekara 25. Ga mutum mai shekara 52, a gidajen kason Najeriya na wancan lokaci, shekara 25 ɗaurin rai da rai ne da aka sauya wa suna.

An yaba wa gwamnati a kan sassaucin, kuma wannan yabo ya rufe tambayar da ta fi muhimmanci. Rage hukunci yana nufin an yarda akwai laifi. Babu wanda ya sake buɗe shari'ar don a duba ko laifin ya tabbata. Kwana 40 bayan haka, ranar 10 ga Nuwamba, gwamnatin ta rataye Ken Saro-Wiwa da ƴan'uwansa takwas na ƙabilar Ogoni bisa hukuncin wata kotun ta musamman, abin da ya sa aka dakatar da Najeriya daga ƙungiyar Kwamanwel.

Aka rarraba ƴan kason nesa da gidajensu. Obasanjo, Bayarabe, aka kai shi Jos sannan Yola. Tafida, Bakatsine, aka yi ta yawo da shi a Kudu, daga Kirikiri zuwa Fatakwal, zuwa Inugu, daga ƙarshe Abakaliki. Duk wanda ya taɓa kai wa ɗan'uwa abinci gidan kaso ya san abin da nisa ke nufi. Ɗan kaso da danginsa ke zuwa ana jin nauyin taɓa shi, in ya kwanta ciwo akwai mai kawo magani, akwai mai fita ya faɗa wa duniya.

Lafiyarsa ta taɓarɓare a ƙarshen 1997, ya rasu ranar 8 ga Disamba. Hukuma ta ce rashin lafiya ce. Magoya bayansa suka ce allura aka yi masa da ƙarfin tsiya, kuma wannan zargi ya sake tasowa gaban kwamitin mai shari'a Chukwudifu Oputa da aka kafa a 1999 don binciken take haƙƙin ɗan Adam. Kwamitin ya miƙa rahotonsa a 2002, gwamnati ba ta fitar da shi a hukumance ba, kuma babu wanda kotu ta hukunta a kan mutuwar. Ko wace magana ce gaskiya, abu ɗaya ba ya canzawa: wanda hukuma ta kulle, ta hana shi zaɓen likitansa da abincinsa, ransa amana ne a wuyanta.

Aka kawo gawarsa Katsina, ɗimbin jama'a suka raka shi maƙabartar Ɗan Marna.

Bayan rasuwarsa

Mako biyu ba su cika ba, ranar 21 ga Disamba na 1997, aka kama Laftanar Janar Oladipo Diya, na biyu a gwamnatin Abaca, mai riƙe da kujerar da Tafida ya taɓa zama a kai, bisa zargin juyin mulki. A watan Afrilu na 1998 irin wannan kotu ta yanke masa kisa. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Ranar 8 ga Yuni na 1998 Abaca ya rasu, wata shida cif bayan Tafida. Janar Abdussalami Abubakar ya saki Obasanjo a cikin watan, sauran kuma suka biyo baya. Ranar 29 ga Mayu na 1999 mutumin da aka yanke wa ɗaurin rai da rai ya sha rantsuwar zama shugaban ƙasa, da Atiku Abubakar, yaron Tafida a siyasa, a matsayin mataimaki. Ƙanensa Umaru Musa ya zama gwamnan Katsina a shekarar, sannan shugaban ƙasa daga 2007 har rasuwarsa a 2010. A 1999 ne kuma hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka mai mazauni a Banjul ta yanke cewa shari'ar 1995 ta saɓa wa yarjejeniyar Afirka, wadda ta ba kowane mutum damar zaɓen lauyansa, da ɗaukaka ƙara, da alƙali mai zaman kansa. Nijar da Najeriya duka sun sa hannu a wannan yarjejeniya.

An gina cibiya da sunan Shehu Ƴar'aduwa a Abuja. A 2013 sunansa ya fito cikin jerin waɗanda shugaba Goodluck Jonathan ya yi wa afuwa, shekara 15 da wani abu bayan an rufe shi. Waɗanda suka rayu sun ga ranar da aka wanke su. Shi wata shida ya rage masa.

A wannan gefen iyaka

Mu ma a Nijar mun san wannan hanya. Ranar 15 ga Maris na 1976, kwana huɗu bayan harbin Legas, Kwamanda Musa Bayere da Kyaftin Sidi Muhammad suka yi yunƙurin kifar da Seyni Kunce. Kotun soja ta yanke wa wasu kisa, wasu ɗaurin rai da rai, a watan Afrilu aka harbe jagororin. Kafin nan, a watan Agusta na 1975, an kama Kwamanda Sani Suna Siddo, na biyu a majalisar ƙolin soja, ya rasu a tsare a Agadas ba a taɓa gurfanar da shi ba. Jori Hamani ya yi shekaru a tsare a Damagaram ba shari'a, bai samu cikakken ƴanci ba sai 1987. Jibo Bakari ma haka, daga 1975 zuwa 1984.

Tun 1976 ba a sake zartar da hukuncin kisa a ƙasar nan ba, ko da yake yana nan cikin doka, kuma majalisar tuntuɓa ta riƙon ƙwarya ta ƙi amincewa da soke shi a watan Disamba na 2010. Abin da aka saba shi ne shugaban ƙasa ya sa hannu a mai da shi ɗaurin rai da rai, sau da dama albarkacin bikin 18 ga Disamba. Ke nan a aikace ɗaurin rai da rai shi ne hukunci mafi tsanani da ɗan Nijar ke fuskanta, kuma ya kamata a yi masa irin taka-tsantsan ɗin da ake yi wa kisa.

Maganar ba ta manya kaɗai ba ce. Shekarun nan ƙauyukan Gabi, Safo da Sarkin Yamma sun sha wuya a hannun ɓarayin shanu da masu satar mutane don kuɗin fansa da ke ɓuya a dazuzzukan kan iyaka. Magidancin da ya sayar da gonarsa ya fanso matarsa ba za a ga laifinsa ba in ya ce duk wanda aka kama a gama da shi nan take. Wanda ya yi kisa ko ya sace mutum ya cancanci hukunci mai nauyi. Sai dai nauyin hukunci yana buƙatar nauyin hujja. A gari irin namu, inda rikicin gona ko tsohuwar gaba kan sa a nuna mutum a ce ɗan leƙen asirin ɓarayi ne, shaidar mutum ɗaya da aka matsa wa ba ta isa a rufe wani har ƙarshen ransa ba. Da yawa daga cikin waɗanda ke gidajen kasonmu ma ba a kai ga yanke musu hukunci ba, jira suke, wasu shekara da shekaru.

Tafidan Katsina yana da dukiya, yana da jarida, yana da abokai a fadojin duniya, amma duk ba su buɗe masa ƙofar kotun Aziza ba. Talakan da ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, abin da ke kare shi kawai shi ne a yi shari'arsa a fili, da lauya a gefensa, da wata kotu a sama da za ta iya cewa an yi kuskure tun yana da rai.

Allah ya jiƙan Tafida, ya gafarta masa kurakuransa.